Nafilar Ruƙayya

Shekarar da sojoji suka sauke shugaban Masar ana saura 'yan kwanaki a ga watan azumi, ina Alƙahira, a unguwar Hayyin Ashir, ina dafa wa marasa lafiya abinci. Zafin azumin bana ne ya tuna mini da ita. Ina zaune a zaure bayan la'asar ina kwafar darasin da malaminmu na ajin manya ya ba mu, sai gumi ya ɗigo daga goshina ya ɓata mini layi guda. Na tsaya ina kallon tawadar tana bazuwa, sai na tuna littattafan 'yata Ruƙayya na waccan shekarar, yadda gefen shafukansu ya kumbura saboda gumin hannunta.

Wani Alhaji ne ɗan Kano ya kai mu can, ni da mai ɗakina Hajara. Yana da gidaje biyu a hawa na biyar, ƙofa na kallon ƙofa, inda yake saukar mutanenmu da suke zuwa neman magani. Wannan aikin gwiwa, wannan ido, wancan ƙoda. Mutumin da aka yi wa aiki ba ya son wake da burodin Misirawa, tuwo yake nema da kunu. Mu ne masu yi musu. Ɗakinmu na jikin kicin, Ruƙayya kuma tana da ɗan ɗaki wanda a da wurin ajiye kaya ne.

Gwamnatin jiharmu ce take biya mata karatu a wata jami'a mai zaman kanta, can cikin hamada bayan Giza. Likitanci ta nema, amma aka ce gurbin ya cika, aka sa ta a Bayoloji. Ba ta karaya ba, domin an faɗa mata cewa a gida Najeriya mai digirin kimiyya yana iya shiga likitanci daga aji biyu idan sakamakonsa ya yi kyau. A kan wannan maganar muke zaune mu uku. Saura mata shekara ɗaya ta gama. Ni a lokacin ko sunana ban iya rubutawa da boko ba, duk abin da na sani game da karatunta daga bakinta na ji shi.

Wata rana da yamma, kafin a sauke shugaban, lokacin da layin mai ya cika tituna har mota ta gagara samuwa, ta dawo a gajiye ta same mu muna tsintar shinkafa. Ta zauna a bakin ƙofar kicin, ta cire takalmi, ta ce, "Baba, ina cikin damuwa a kan maina."

Hajara ta ajiye tire. "Wane ne Maina? Ɗan Barno ne?"

"Umma!"

"To na ji kin ce Maina. Tun yaushe kuke tare ba mu sani ba?"

"Ba mutum ba ne, Umma. A makarantarmu kowa yana da manjo, wanda ya so kuma ya ƙara da maina."

"Manjo kuma? Har da soja? Malam, kana ji ko?"

Ruƙayya ta yi dariya har da hawaye, ni ma na yi. Da ta natsu sai ta dube ni, ta nemi hanyar da zan gane. Ta ce, "Baba, ka ɗauka kamar salla ce. Bayoloji shi ne farilla, dole ne, shi za a rubuta a digirina. Maina kuma nafila ce, ƙarin karatu ne da mutum yake zaɓa da kansa. Tawa nafilar ita ce ilimin halayyar ɗan Adam."

Daga ranar ba a sake cewa maina a gidanmu ba. Nafila muke cewa.

Damuwar kuwa ita ce wannan. Akwai wani kwas na Kemistiri da ta ci da ƙyar a shekara ta biyu, makin ya yi ƙasa ƙwarai. Makarantar tana yin ɗan gajeren zango a lokacin zafi, suna ce masa saifi, kuma ba a barin ɗalibi ya ɗauki fiye da kwas biyu a cikinsa. Nafilarta saura kwas biyu cif ta cika. Idan ta maimaita Kemistirin don ta gyara makin, shi kaɗai da aikin ɗakin gwajinsa zai cinye saifin, nafilar da ta yi shekara biyu tana tarawa ta tashi a banza, domin shekarar ƙarshe ba ta da fili. Idan kuma ta ƙarasa nafilar, Kemistirin zai zauna yadda yake. Tambayar ita ce, masu ɗaukar ɗaliban likitanci a gida wanne za su duba? Ta tambayi mai ba su shawara a makaranta, matar ta ce mata duka biyun suna da kyau, ta yi yadda take so.

Akwai wani ɗalibin Shari'a, Ustazu Bashir, ɗan Zariya, wanda yake yi wa baƙinmu tafinta a asibitoci. Kusan kullum a wurinmu yake cin abincin dare. Shi na fara kai wa maganar, kuma da kalmomin da aka ba ni na kai masa ita. Na ce, "Ustazu, yarinyar nan farillarta ta samu giɓi, ga kuma nafila a hannunta. Wanne za ta kama?"

Ya suɗe yatsunsa, ya gyara zama. Ya ce, "Baba, ni fa ba boko na karanta ba. Amma in dai a kan wannan misalin ne, ai abin a fili yake. Malamai sun yi bayani cewa idan aka duba farillar bawa aka ga ta tauye, ana duba nafilolinsa a cike da su. Amfanin nafila kenan."

Ruƙayya tana tsaye da jug ɗin ruwa a hannu, fuskarta ta washe. Ta ce, "Wallahi Ustazu kusan haka yake. Duk makin da na ci wuri ɗaya ake tara shi a raba. In na ci biyun nan da kyau, jimlar za ta ɗaga."

Hajara daga kicin ta ce, "Ni dai abin da na sani, ranar da tuwona ya yi gudaji, ko rago na yanka a miyar, Hajiyoyin nan gudajin za su faɗa wa Alhaji."

Bashir ya ce, "Umma, ke mazhabarki daban ce."

Aka yi dariya, amma ni ban samu natsuwa ba. Na shiga yawo da tambayar kamar mai talla. Na tambayi wani tsohon ma'aikacin banki da aka yi wa aikin ido, ya ce ƙarin ilimi ba ya taɓa zama asara. Na tambayi ɗansa, ya ce a Najeriya wanda ka sani ake dubawa. Na sa Bashir ya tambayi wani likita Bamisire, mutumin bai ma fahimci zancen ba, domin su daga sakandare ake shiga likitanci kai tsaye. Ya buɗe hannuwa ya ce wa Bashir, mai digiri kuma me zai dawo yi a aji biyu?

Sai Alhaji ya kira daga Kano ya ce in gyara babban ɗaki, wani likita zai kawo mahaifiyarsa aikin gwiwa. Ya ce mutumin yana koyarwa a wani asibitin koyarwa a Arewa, har ya sha zama cikin masu tantance ɗalibai. Na ce alhamdu lillahi, ga mai amsa. Na roƙi Alhaji lambarsa na sa aka kira mini. Ya ɗauka cikin hayaniya, na fara bayani ina haɗa farilla da nafila, ya ce, "Malam Isa, ina cikin marasa lafiya. Jibi muna tafe, in na zo ma zauna."

Jibin nan ba ta zo ba. Gari ya rikice, mutane suka cika filaye, jiragen soja suna shawagi a kanmu, aka sauke shugaban. Likita ya ɗage tafiya. Na sa aka sake kira sau biyu bai ɗauka ba, ni kuma na ji nauyin in dami mutumin da ban taɓa gani ba, uwarsa na kwance. Ranar rufe rajista ta zo. Da safe Ruƙayya ta tsaya a gabana da jakarta ta ce, "Baba, yau ne fa."

Na ce, "Ke me ranki ya fi kwanciya da shi?"

Ta ce, "Nafilar."

Na ce, "Allah ya sa shi ne alheri." Ta sauka, ina jin takunta har hawa na uku.

Aka ga wata.

Ban taɓa yin azumi mai tsawo irin na Masar a tsakiyar zafi ba. A gida lokacin damina ne, azumin sanyi suke yi, in an kira mu a waya har muna jin ƙarar ruwa a kan kwano. Mu kuwa ko gajimare ɗaya babu. Asuba tana yi da wuri, kafin mutum ya gama haɗiye ruwa an kira salla, rana kuma in ta hau sai ta ƙi sauka. Iskar da take shigowa ta taga kamar an buɗe murfin tukunya. Bango yana riƙe zafi har wayewar gari. Idan aka ɗauke wuta, injin da yake tura ruwa sama ya tsaya, famfonmu na hawa na biyar ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Sai in ɗauki jarka in sauka wurin mai gadin gidan, in hau da ita ina hutawa a kowane hawa, harshena kamar ɓawon itace.

Aikinmu yana farawa bayan azahar. Hajara ta jiƙa tsamiya, ta dama kunu da geron da muke saya a shagon wani Basudane. Ni in wanke wake in kai niƙa don ƙosai, in dawo in ɗora ruwan zoɓo, wanda su suke kira karkade. Tuwon shinkafa ni nake tuƙawa, domin tukunyar babba ce, hannun Hajara ba ya iyawa. Mai gas yana wucewa a ƙasa yana buga tukunyarsa da sifana, in na ji ƙarar sai in leƙa ta taga in yi masa ihu, wata rana ya ɗaga kai, wata rana ya yi gaba don wani ya ba shi fiye da nawa. Marasa lafiyar da ba sa azumi kuma sai an yi musu na rana daban, mu dafa, mu zuba, mu kai, ƙamshin yana bin mu.

Abin da ya fara ƙarewa shi ne kuka. Kuka da daddawa da yaji baƙi ne suke kawo mana a cikin kayansu, kuma tun da gari ya rikice baƙin suka ɗauke ƙafa. Hajara ta koma auna daddawa da ɗan yatsa. Muka koma busasshiyar kuɓewar Sudan, yau ita, gobe ita, har wani dattijo ya ce in an sake kawo masa miya mai yauƙi zai koma gida da ciwonsa.

Ruƙayya kuwa hanya ce ta zame mata azumi na biyu. Magoya bayan shugaban da aka sauke, masu zaman dirshan, sun kafa tantuna a wani babban fili tsakaninmu da cikin gari, an toshe tituna. Sai ta hau ƙaramar bas ta zagaya zuwa Abbasiya, ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta canza wani, ta fita a unguwar Faisal, sannan ta jira motar makaranta. Dawowa ma haka. Duk yamma ina tuƙa tuwo kunnena na kan matakala. In rana ta yi ja ba ta shigo ba, sai muciya ta yi mini nauyi. Hajara kuwa sai ta riƙa goge kofin da ta riga ta goge. In ta shigo, leɓɓanta sun tsage, mayafinta ya yi fari da gishirin gumi, ta wanke hannu ta kama jera kwanuka. Bayan tarawihi ta shimfiɗa littattafanta a ƙasan tayil don ya fi sanyi.

Amma tana jin daɗin karatun nan, wannan ba zan ɓoye ba. Tana soya ƙosai tana ba mu labarin yadda jariri yake gane fuskar uwarsa, da dalilin da ya sa tsoho yake tuna abin da ya faru yana yaro ya manta abin da ya ci jiya. Hajara ta ce, "Wannan ai ni ma na sani, ba a biya mini kuɗin makaranta ba." Ni kuwa duk lokacin da na ga tana murna sai Kemistirin nan ya faɗo mini a rai.

Azumi ya raba tsakiya sannan Likita ya iso da mahaifiyarsa. Ya kawo mana kuka da daddawa cikin wani bokitin fenti, Hajara ta rungume bokitin kamar jika. Mutum ne gajere mai furfura a gemu, ba ya son dogon zance. Na bari sai da aka kwantar da Hajiya a asibiti, aka sa ranar aiki. Rannan bayan an sha ruwa, yana zaune a kan darduma da kofin kunu, Bashir na gefe, na kira Ruƙayya ta durƙusa ta gaishe shi. Na ce, "Likita, ga maganar da na fara yi maka a waya."

Ita ta yi bayanin, da Turanci da Hausa. Ya tambaye ta makin Fizis, ta faɗa, ya gyaɗa kai. Ya tambayi na Bayoloji, ya ce madalla. Ya tambayi sakamakonta na sakandare. Da aka zo kan Kemistirin nan ta faɗa a hankali, sai ya ajiye kofin.

"Shi kike maimaitawa yanzu?"

"A'a, Likita. Maina nake ƙarasawa."

"Wa ya ba ki wannan shawarar?"

Bashir ya yi gyaran murya ya ce, "Likita, mun yi ƙiyasi ne. Mun ce tunda nafila tana cike giɓin farilla..."

Likita ya dube shi, ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. Ya ce, "Ustazu, wannan rahamar Ubangiji ce. Mu a kwamitinmu ba mu da ita. Ko ƙabli da ba'adi ba ma karɓa."

Sannan ya juya wurin Ruƙayya ya sassauta murya. Ya ce masu nema suna da yawa, gurbin masu digiri kuwa ɗan kaɗan ne, wani lokaci bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Abin da ake fara dubawa darajar digirin, sai a bi darussan kimiyya ɗaya bayan ɗaya, kuma Kemistiri yana gaba. Ya ce karatun da ta zaɓa mai kyau ne, likita yana buƙatarsa, in ta kai ga ganawa da kwamiti ma za a iya jin daɗin hira da ita a kai. "Amma sai kin kai ɗin. Ni a zaman da na yi, ban taɓa ganin an tsaya a kan layin maina a takardar ɗalibi ba."

Na ce, "Likita, ke nan ba za a ɗauke ta ba?"

Ya ce, "Ban ce ba, Malam Isa. Ban kuma ce za a ɗauke ta in ta gyara ba. Amma da 'yata ce, da Kemistirin ta maimaita."

Hajara tana tsaye a ƙofar kicin. Na jira ta ce ai ta faɗa. Ta koma ciki, na ji ta buɗe famfo, babu ruwa, ta rufe.

Washegari na bar wa Hajara tukunya na bi Ruƙayya makaranta, ko za a yarda ta canza. Ranar na san abin da take sha. A Abbasiya mutane suka matse ni a jirgi har hulata ta faɗi. A Faisal muka tsaya a rana, ƙananan bas suna wucewa yaran mota na ihun sunayen unguwanni, ƙurar titi da hayaƙin mota suna shiga maƙogwaro. Da muka isa, na ga gine-gine masu gilashi da ciyawa kore shar a tsakiyar yashi, ana ba ta ruwa da rana tsaka, ni kuma ina haɗiyar yawun da babu. Ofishin akwai sanyi kamar cikin firij. Matar da ke wurin ta saurari Ruƙayya, ta duba kwamfuta, ta dube ni da tausayi ta ce, "Khalas ya Hajj, ma'alish," wato an gama, sai haƙuri. Ajin Kemistirin ya wuce rabi, sun yi gwaje-gwajen da ba a maimaitawa. Sai saifi mai zuwa. Na ce wa Ruƙayya ta faɗa mata daga nesa muka zo. Ta ce, "Baba, ta sani."

Magariba ta riske mu a Faisal, cikin cunkoso. Titin da yake ta ƙara tun safe ya yi tsit. Wasu samari suka bi motoci da gudu suna jefo dabino da ƙullin ruwan tsamiya ta taga. Ɗaya ya faɗo a cinyata. Na huda na miƙa mata, ta kurɓa, ta riƙe ledar a hannu tana kallon waje.

Ta ce, "Baba, ba laifin Ustazu ba ne. Ni tsoron Kemistirin nan nake ji. Da ya faɗi maganarsa sai na ji kamar an sauke mini kaya."

Na ce, "Sha ruwanki."

"In na maimaita baɗi, ba zan fita tare da 'yan ajinmu ba. Kafin takarduna su fito an rufe neman shiga likitanci na shekarar a gida."

"Na ji. Sha ruwanki tukuna."

Direba ya cinye dabinonsa ya ce yalla, wato mu je, muka tafi.

Sauran azumin a haka ya ƙare. Ta ci gaba da zuwa, tunda an riga an fara, amma ta daina ba mu labarin jarirai da tsofaffi. Bashir ya yi kwana biyu bai zo ba, sai da Hajara ta aika masa cewa kunu ba ya jiran mai fushi da kansa. Goman ƙarshe na roƙi Allah abu ɗaya ne kawai, har na ji kunyar yawan maimaita shi.

Bayan salla da 'yan kwanaki aka zo jarrabawa. Saboda hanya, Ruƙayya ta koma kwana wurin wasu ƙawayenta 'yan Nijar a Faisal. Ranar da aka tashi masu zaman dirshan da ƙarfin tsiya tana can. Da hantsi muka hango baƙin hayaƙi ta tagar kicin, jirage na ta kewayawa, mai gadi ya ja ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo. Na kira wayarta ba ta shiga. Na sake kira. Hajara ta zauna a ƙasan kicin da carbi, shinkafa ta ƙone a kan wuta, muna jin ƙaurin ba wanda ya tashi. Ban san ko ta fita zuwa makaranta ba, ban san ta wace hanya motar take bi ba. Sai bayan azahar wayar ta yi ƙara, ta ce suna ɗaki, an ɗage jarrabawa, kada mu fito. Ranar ce kaɗai a duk shekarar na manta da Kemistiri.

Aka sa dokar hana fita. Gari da ba ya barci ya koma yin shiru tun magariba. Likita ya ɗauki mahaifiyarsa da sandunanta suka tafi da jirgin farko da suka samu, sauran baƙin ma haka. Alhaji ya saki gida ɗaya, muka rage a ɗayan muna dafa wa mutum biyu. Da aka yi jarrabawar daga baya, Ruƙayya ta ci kwas biyun da maki mafi girma. Ta faɗa mini a tsaye, kamar mai ba da labarin wani.

Shekara ta zagayo, azumi ya sake faɗowa cikin saifi, wutar ma ta fi ta bara ɗaukewa. 'Yan ajinta suka yi bikin gamawa suka tafi, ita ta zauna da Kemistiri, tana karatu da fitilar waya, tana fifita da murfin kwali. Ta gyara makin, ya yi kyau. Kafin takardunta su fito a tantance su, an rufe na shekarar, kamar yadda ta faɗa. A shekarar da ta biyo muka tattara muka dawo gida gaba ɗaya, ta nema a jami'a biyu. Sunanta bai fito ba. Ta sake nema, bai fito ba. Ba a kira ta ganawa ba ko sau ɗaya, saboda haka ba wanda ya taɓa tambayarta nafilar, ba kuma wanda ya ce mana ga dalili. Har yau ban sani ba ko da ta nema a shekarar farko da an ɗauke ta. Na tambayi Likita a waya, ya ce shi ma bai sani ba.

Yanzu tana koyar da Bayoloji a makarantar 'yan mata a nan garin, da aurenta da 'ya'ya biyu. Ita take duba mini aikin gida in ta zo. Ta ce karatun halayyar nan yana yi mata amfani a aji fiye da komai. Wataƙila haka ne, wataƙila kuma don hankalina ya kwanta take faɗa.

Abin da ya tafi dai ga shi. Shekara ɗaya ta karatu. Azumi biyu da ta yi a kan hanya. Bikin gamawa da ba ta tsaya cikin 'yan ajinta ba, ga atamfar da Hajara ta saya don ranar. Nema biyu da ba amsa. Gida ɗaya cikin biyun Alhaji, da rabin albashina. Sai wata magana da take yi tun tana firamare, in an yi ciwo a gida ko an ga wani yana tari, ta ce, "Bari in zama likita." Ban san ranar da ta daina faɗa ba. Na dai lura ta daina.